Yadda Za Ka Haɗa Tsohuwar Kwamfuta da Ekaran a Gaban Kapitan

Ɗan'uwa, gyara zama. In kana da tsohuwar kwamfuta ta ratayawa a kafaɗa, wadda ƴan lakwal, wato ƴan boko, ke ce wa ordinater, kuma fuskarta ta mutu, kuma an ce ka nuna wa babban mutum abin da ke cikinta, to ka zo inda ya dace. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan bi da bi, hoto zai fito. Ban ce hoton da kake so ba. Amma zai fito, kuma za a daɗe ana zancenka a gari.

Ilimin nan ba a Yamai na karanto shi ba. A gaban idona aka yi shi, a garinmu da ke bayan Maijirgi, shekarar nan da ruwa ya ɗauke tun gero na da ciki, soja kuma suka hau mulki kafin bazara. Mai aikin shi ne Na Allah, ɗan ƙanwar babana. Taubashina ne, don haka ina da izinin faɗin komai a kansa, shi kuwa ba shi da izinin fushi.

Mataki na 1: Ka mallaki kwamfuta, ko da ba ta aiki

Na Allah ya yi aiki da wani furoje na noma, irin shirin nan na ƙungiyoyin agaji, yana yawo ƙauyuka yana koya wa manoma abin da suka riga shi sani. Da furojen ya nannaɗe tabarmarsa, aka bar masa kwamfuta da ƴar kamara ta ɗaukar hoto. Ba shi da aiki, sai ya bi gonakin gari lokacin kaka yana ɗauka: gero tsaye ba ƙwaya, kara ja kamar an babbake, ƙasa tsirara. Mutane suka ce zaman banza ne ya yi masa yawa. Gaskiyarsu ne, amma ya zuba hotunan cikin kwamfuta.

Sannan wata ranar kasuwa, a kan amalanken jaki, wata baiwar Allah mai cikar jiki ta zauna a kan jakarsa tun daga bakin gari har Maijirgi. Da ya buɗe, fuskar kwamfuta ta zama kamar an kifar da tawada a kan allo. Tana kunnuwa, tana huci, tana kuka ƙasa-ƙasa, amma ba ta nuna komai.

In haka ta same ka, kada ka gaya wa kowa. Ci gaba da rataya jakar, ka je suna da ita, ka je jana'iza da ita. Ba wanda ya taɓa tsayar da mai jaka ya ce buɗe mu gani. Girman yana jikin jakar ne.

Mataki na 2: Ka yi alkawari kafin ka yi tunani

Da bazara ta tsananta, labari ya zo cewa an ɗora wani kapitan na soja kan rabon hatsin agaji a yankinmu, kuma yana zagaya garuruwa ya ga inda ya fi ƙonewa. Motocin kaɗan ne, garuruwa da yawa, kowane gari kuma yana da nasa gwanin kuka. Wahalar ita ce, a bazara duk gonaki iri ɗaya suke. Gonar da ta cika rumbu da wadda ta ci iri ta yi shiru, duk rairayi ne fari. Da me za ka nuna taka ta fi mutuwa?

Maigari ya tara mu a ƙofar gida ya tambayi shawara. Wani ya ce a jera tsofaffi a bakin hanya. Wani ya ce a ɓoye awaki. Sai Na Allah ya miƙe, ya dafa jakarsa.

"Ranka ya daɗe, ni ina da shaida. Duk gonakin garin ga suna cikin nan, yadda sunka ƙone. Kapitan zai gani da idonshi."

Aka yi kabbara. Wani tsoho har ya shafa jakar ya shafa a fuska.

Haka ake yi. Ka fara alkawari, tunani ya biyo baya in ya ga dama. Sai dai ka sani akwai mutum guda da ba ta cikin masu kabbara. Na Allah ya shiga gida ya tarar da matarsa Zara'u tana sauya wa anza ruwa, ƴaƴan dajin nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin su ciwu. Abin da gidaje da yawa ke ci ke nan a lokacin. Ba ta ɗago kai ba.

"Malam, na ji labari. Da wace fuskar za ka nuna musu, taka ko ta kwamfutar? Don ita dai na san ta rasu."

"Ke ba ki san tekinik ba. Ana haɗa ta da wani ekaran daban."

"Ka taɓa haɗawa?"

"Na ga ana yi."

"Ni ma na ga ana tuƙa mota," in ji ta, ta zubar da ruwan ɗacin. Sannan muryarta ta sauka. "In ka ba da mu kunya gaban soja, ba kunya kaɗai za mu ci ba. Ka duba tukunyar nan da kyau."

Ya duba. Daga ranar bai ƙara yin barcin rana ba.

Mataki na 3: Nemo ekaran, ka haƙura da mai shi

Ekaran shi ne akwatin kallo na kwamfutar tebur, kamar talabijin da ba ta kama tasha. A zamanin nan mai ƙusumbi ake samu, mai nauyin ɗan maraƙi. Akwai guda a Tasawa, a shagon Ƙadri, wani ɗan kasuwa da ke buga wa mutane takardu yana kuma sayar da batir da man shafawa.

Ka shiga da sallama mai tsawo. Ka tambayi iyali, ka tambayi kasuwa, ka tambayi ciwon ƙafar da ya yi bara. Sannan ka kalli ekaran ɗin kamar yanzu ka lura da shi.

Ƙadri ya saurari Na Allah har ƙarshe, ya sosa gemu.

"Zan ba ka, amma ƙafata ƙafarshi. Kuma in mun je, ka ce wa kapitan ni injiniya ne."

"Injiniyan mi?"

"Kai dai ka ce injiniya. Soja ne ke ba da kwangila yanzu."

Suka naɗe ekaran cikin bargo, suka ɗaure da igiya, suka kwantar a kan amalanke. Su biyu suna biye a ƙasa, fuska ba walwala saboda rana. Duk wanda suka gamu da shi a hanya sai ya ja gefe ya ce Allah ya jiƙan rai. Ƙadri yana amsawa da amin, don bayani ya fi tsawo.

Mataki na 4: Waya mai shuɗin kai

Yanzu aka zo wurin ilimi, buɗe kunnenka. A bayan ekaran akwai waya mai kauri, kanta shuɗi, cikin bakinta ƴan allurai jere kamar haƙoran kifi. A gefen kwamfutarka ko a bayanta akwai kafa mai ƴan ramuka daidai da alluran. Bakin ba murabba'i ba ne, gefe guda ya fi faɗi. Ta fuska ɗaya kaɗai yake shiga.

Masana sun ce in ya ƙi shiga, ka juya shi, kada ka tilasta. Masana ba su taɓa yin aikin nan a zauren maigari ba, rabin gari na leƙe ta ƙofa. In ana kallonka, juyawa alamar rashin sani ce. Danna.

Na Allah ya sa shi a kife, ya danna. Ya ƙi. Ya ciji leɓe ya ƙara dannawa, har aka ji wani ɗan ƙas. Ya zaro, ya duba: allura guda ta kwanta a kan ƴar'uwarta. Ya kalli Ƙadri, Ƙadri ya kalli rufin zaure. Na Allah ya ɗan tashe ta da farce, ya juya kan wayar, ya tura. Ta shiga, da ɗan gardama.

"Ya zauna," in ji Na Allah.

"Daram," in ji injiniya.

Akwai ƴan kunnuwa biyu a gefen kan wayar da ake murɗawa su riƙe shi. Na wannan wayar sun daɗe da ɓata. Kada wannan ya dame ka tukuna.

Mataki na 5: Kada ka gwada

Garinmu ba wuta. Aka aro gurup, wato janareta, na Mai Nasara mai gidan kallon ƙwallo, da isansi, man fetur ke nan, cikin kwalba, wanda ba zai kai a yi gwaji a kuma yi na gaske ba. Aka zaɓi na gaske.

Wannan alheri ne. Wanda ya gwada tun jiya, tun jiya zai shiga damuwa. Wanda bai gwada ba yana da sauran dare guda na mutunci.

Mataki na 6: In ya ce babu, ka ce yana zuwa

Kapitan ya iso da hantsi, mota guda, soja biyu a baya. Saurayi ne dogo, baƙin tabarau a ido, gajiya a kafaɗa. Ka gan shi ka ga mutumin da aka yi wa kuka iri ɗaya a gari goma sha wani abu, har kunnensa ya daina ɗauka. Ya ƙi fura, ya ƙi jawabin maraba, ya zauna kan kujerar da aka sa masa a zaure.

"An ce kuna da hotuna. Ku nuna mini, akwai garuruwa gabana."

Na Allah ya gabatar da Ƙadri a matsayin injiniya daga Tasawa. Ƙadri ya ƙame kamar tsohon soja. Aka ja gurup, ya yi tari, ya kama. Na Allah ya kunna kwamfuta, Ƙadri ya kunna ekaran. Dattawa suka matso. Ekaran ya yi ƙara, ya yi haske, sai ga ɗan akwati yana yawo daga kusurwa zuwa kusurwa, da rubutu a ciki: Pas de signal.

Maigari ya ce, "Mi ya ce?"

"Gaisuwa ce, ranka ya daɗe," in ji Na Allah.

Kapitan ya yi lakwal. Ya ce, "Cewa ya yi ba abin da ke iso masa."

A nan ne ake gane gwani. Kada ka taɓa cewa ban sani ba. Ka ce, "Ça vient, mon capitaine," wato yana zuwa, ka ɗan daki gefen ekaran da tafin hannu kamar mai lallashin jaki. In an matsa maka, ga waɗanda za ka ɗora wa laifi: zafin rana, gurup, mai ekaran, da Nasaran da ya ƙera abin bai san ƙasarmu ba. Gwamnati kaɗai za ka tsallake. A zamanin farar hula ita ake fara zagi, amma yanzu tana zaune gabanka da takalmi mai nauyi.

Mataki na 7: Maɓallin da ba wanda ya san aikinsa

Kwamfuta ba ta san an haɗa ta da kowa ba sai an gaya mata. A ƙasan maɓallai, hannun hagu, akwai wani ƙarami da aka rubuta wa Fn. Ka danne shi da yatsa guda, sannan ka nemi wani a layin sama mai zanen ƴar talabijin, ka taɓa. Shi ke nan, hoto ya ƙaura zuwa ekaran.

Na Allah ya tuna an taɓa yin haka a gabansa. Abin da bai tuna ba shi ne wanne ne, zanen kuma duk ya goge da tsufa. Sai ya fara daga farko, yana bi ɗaya ɗaya. Na farko bai yi komai ba. Wani ya sa kwamfuta ta yi ƙara kamar ɗan tsako. Wani ya sa ta yi barci gaba ɗaya, sai da aka tashe ta. Gumi ya jiƙa masa riga har ƙugu. Ta ƙofar zaure ya hango Zara'u cikin mata, ta rungume hannu, ba ta ko ƙifta ido.

Ya ce bisimilla a fili, ya taɓa na gaba. Ekaran ya yi duhu, ya yi ƙyaf, ya kawo.

Zaure ya ɗauki salati. Ƙadri ya ce, "Na gaya mishi tun ɗazu wannan ne." Na Allah ya lalubo inda hotunan suke, ya buɗe na farko ya cika fuskar ekaran da shi.

Mataki na 8: In hoto ya fito, kada ka yi murna da wuri

Ka tuna allurar nan da ta kwanta? Kowace allura da aikinta. Ita wannan, ashe, ita ke ɗauko jan launi. Da ta ƙi taɓawa, duk wani ja da ke cikin hoton ya zauna gida. To cire ja daga busasshen kara da jar ƙasa, ka ga abin da zai rage.

Gona ce ta fito, kore shar. Gero tsaye kore, ƙasa kore, har sararin sama ya yi wani sanyi kamar an gama ruwa yanzu. Tunda aka haife ni ban ga damina mai kyan wannan ba.

Kapitan ya ƙura wa ekaran ido.

Kapitan ya ce, "Wannan ce gonar da ta ƙone?"

Na Allah ya wuce zuwa hoto na gaba. Ya fi na farko kyau. Na gaba kuma kamar fadama.

"Zaunar da ni kuka yi ku yi mini wasa?" Kapitan ya miƙe. "Na baro garuruwan da yara ke kwance. Garin da ke da gonaki haka, shi ya kamata ya taimaki gwamnati."

Sojan da ke bakin ƙofa ya gyara riƙon bindiga. Kapitan ya juya wajen Ƙadri.

"Injiniya, mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, ni man shafawa nike saidawa. Rakiya na yo."

Sai wani tsoho ya taso daga bayan zaure, Baba Isufu. Shekarar nan ya shuka gonarsa, ta mutu, ya sake shukawa, ta mutu, ya saida sansa ya sayi iri ya sake. Ƴaƴansa maza duk sun tafi Najeriya neman abin da za su aiko. Idonsa ya yi rauni, don haka ya ratsa ta gaban kapitan ba tare da ya san ya ratsa ba, ya kai fuskarsa dab da gilashin.

"Wagga ai gonata ce," ya ce. "Ga gawona. Ga kututturen da nike ɗaure jaki."

Na Allah, cikin ruɗewa, ya kai hannu bayan kwamfuta ya cafki kan wayar ya matse. Allurar ta taɓa. Nan take gonar ta koma yadda Allah ya yi ta: kara ja, zangarniya ba ƙwaya, ƙasa kamar an share da wuta. Ga gawon, ga kututturen, ba abin da ya gusa. Hannunsa ya yi santsi da gumi, ya kuɓuce, ta koma kore. Ya sake matsewa, ta ƙone.

"Mon capitaine, ka gani? Wayar ce! Wannan ce ta gaskiya, wallahi wannan ce!"

Baba Isufu ya ɗora hannu a kan hannunsa.

"Ɗana, saki."

"Baba, kapitan na kallo."

"Saki, na ce. Bar mani ita yadda take ɗazu. Haka na riƙa ganin ta a raina duk sadda nike shuka. Bari in gan ta da ido ko sau guda."

Na Allah ya saki. Tsohon ya durƙusa gaban ekaran, ya zauna dirshan, yana kallon gonarsa kore. Bai yi kuka ba. Leɓensa dai na motsi, kamar mai ƙiyasta dammunan da za a ɗaure. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya ce ya matsa. Kapitan yana tsaye a bayansa. Haka aka zauna har gurup ya yi tari, ya shanye isansinsa, ekaran ya mutu.

Kapitan ya cire tabarau. Ashe idanunsa ja ne, na rashin barci.

"Baba, ina rumbunka?"

Tsohon ya kai shi. Kapitan ya taka dutse, ya ɗaga murfin rumbu da kansa, ya zura kai ciki, ya daɗe. Ya sauko. Ya shiga gida na gaba, da na gaba. A gidan Na Allah ya tsaya kan tukunyar Zara'u, ya ɗauki ƙwayar anza guda ya sa a baki. Ya tauna, fuskarsa ta yamutse, amma bai tofar ba. Ya shiga mota ya tafi, ko sallama bai yi wa maigari ba.

Kafin ruwan farko, mota ta zo da hatsi da ɗan iri. Bai ishi gari ba, ba a taɓa yin agajin da ya isa ba. Amma an dafa tuwo a gidajen da suka manta ƙamshinsa, kuma Baba Isufu ya sake shuka gonarsa.

Mataki na 9: Ka karɓi yabo

Kada kunya ta hana ka wannan, shi ne ribar aikin. Kasuwar Tasawa ta gaba, na iske Na Allah a rumfar mai shayi, jaka a kafaɗa, mutane kewaye da shi.

"Da gangan na yi. Tekinik ce ta furoje, avant da après. Ka nuna wa mutum yadda ya kamata ta zama, sannan ka nuna mishi yadda ta zama. Soja ba ya gane magana sai da misali."

Ƙadri kuwa ya sa an rubuta Injiniya da fenti a saman shagonsa, kuma duk wanda ya tambaya yana ce masa shi ya lanƙwasa allurar da hannunsa, daidai gwargwado.

Na tambayi Zara'u ra'ayinta. Tana kwasar tuwo ta ce, "Bar shi ya faɗa. Namijin da ya yi gumin da ya yi ranar nan, ya cancanci ƙarya guda."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da zai biyo baya. In wayarka ta yi hayaƙi, in gurup ya cinye ekaran na aro, in naka kapitan ba mai tsayawa ba ne, in garinku ba tsoho mai raunin ido da zai ratsa gaban soja, kada ka doso ƙofata. Zan ce ban san ka ba, ban iya karatu ba, kwamfuta kuma a bakinka na fara jin sunanta. In an tsare ka a barikin soja aka ce wa ya koya maka wannan aiki, kada ka ambaci sunana. Ka sunkuyar da kai, ka ce Na Allah ne. Ko ta ina aka juya maganar, ba ka yi ƙarya ba.